Hutun Iyali A Kan Tsauni: Yadda Magidanci Daga Kontagora Zai Shirya Tafiya Jos

A watan Maris da na Afrilu, sa'ad da bazara ta kankama, ba a gaya wa mutumin Kontagora abin da ake kira zafi. Ma'auni yakan doshi digiri 40 da tsakar rana, ɗaki ya koma kamar tanda, da dare kuwa a fito da tabarmi tsakar gida a kwana ana fifita. A daidai wannan lokaci akwai wani gari cikin ƙasar nan inda mutum zai nemi mayafi kafin asuba. Garin nan shi ne Jos, babban birnin Jihar Filato. An shirya wannan ɗan littafi ne domin magidancin da ke so ya kai iyalinsa can su huta. Mun ɗauki Kontagora ta Jihar Neja misali, amma na Yawuri da na Zuru da na Bida, har ma na Sakkwato, kowa yana iya gwada bayanin da tasa hanyar.

Da yawa daga cikin mutanenmu suna ɗaukar tafiya hutu al'adar Turawa ce, ko kuwa aikin wanda kuɗi suka yi wa yawa. A ganinmu ba haka ba ne. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan ta ba kowane ma'aikaci da ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa hutun aƙalla kwana 6 na aiki tare da albashinsa, manyan ma'aikatan gwamnati kuwa kwana 30 suke samu a shekara. Wanda ya ƙarar da hutunsa a gona ko wajen zumunci bai yi laifi ba. Amma yaron da ya taɓa ganin wata ƙasa da wasu mutane, ya ji wani harshe, ya ci wani abinci, ya samu karatun da babu shi a allo. Sai dai tafiya da mata da yara ba irin tafiyar mutum shi kaɗai ba ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa Jos take da sanyi

Jos tana bisa tudu ne mai tsawon kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, Kontagora kuwa ba ta kai mita 400 ba. Masana yanayi sun tabbatar duk sa'ad da aka hau sama mita 1,000, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Dalili shi ne, iskar da ta tashi sama nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Saboda haka ko da rana ɗaya ce ke haska garuruwan biyu, Jos takan kasa Kontagora zafi da digiri 5 ko 6, wani lokaci ma fiye.

Neman tudu don gudun zafi tsohon abu ne a duniya. Alhazanmu sun san Ɗa'ifa, inda mutanen Makka kan tafi shan iska in zafi ya tsananta. Turawan Ingila da suka mulki Indiya a garin Simla da ke kan duwatsu suke yin bazara, har suka mai da shi mazaunin gwamnatinsu na lokacin zafi a 1864. Da suka zo nan, kuza ce ta fara kai su tudun Jos a farkon ƙarni na 20, har aka ja ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya don kwasarta. Daga baya sanyin wurin ya sa suka riƙa tura ma'aikatansu can su murmure. Sunan tsohon otal ɗin nan na Hill Station daga wannan al'ada ya samo asali. Jama'ar Birom da Afizere da Anaguta su ne tsofaffin mazauna wurin, haƙar kuza kuma ta jawo Hausawa da Ibo da Yarbawa da sauran kabilu, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na titi. Baƙo daga Kontagora ba zai bukaci tafinta ba.

Akwai wasu wurare masu tudu a Nijeriya, kamar Obudu a Jihar Kuros Riba, da tsaunin Mambila a Jihar Taraba inda ake noman ganyen shayi. Dukansu sun fi Jos tsawo da sanyi, amma nisansu daga Kontagora ya yi yawa ga mai ɗauke da ƙananan yara.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mai 'ya'ya a makaranta hutu uku gare shi a shekara, daga cikinsu zai zaɓa. Dogon hutu na Agusta shi ne mafi tsawo, amma a lokacin ne damina ta fi ƙarfi a Jos, inda ruwan shekara yakan kai wajen milimita 1,400. Ana iya wuni ana yayyafi, hazo ya rufe duwatsu, wani lokacin damina ma har ƙanƙara takan zubo. Iyalin da suka biya kuɗin masauki suka ƙare a ɗaki suna kallon taga ba su ci ribar tafiya ba. Ga manomi kuma, Agusta ba lokacin barin gona ba ne.

Hutun Disamba sarari yake, babu ruwa, amma ɗarin Jos ba abin wasa ba ne. Da dare ma'auni yakan sauko wajen digiri 11, wasu shekaru ma ƙasa da 10. Har ila yau lokacin Kirsimeti ne, motoci sun cika hanya, masauki ya yi tsada.

Mu dai shawararmu ita ce hutun Afrilu. A lokacin ne Kontagora ta fi zafi, watau a lokacin ne bambancin zai fi yi wa iyali daɗi. Ruwan farko ya fara sauka a kan tudu, ƙura ta kwanta, ciyawa ta soma tsirowa, kuma mutum zai komo gida kafin shuka. Sai a duba kalanda kada tafiyar ta ci karo da azumi ko Salla ko Ista.

Batun kuɗi

A fara da zama da uwargida, domin ita ta san wane yaro ne mota ke juya wa ciki, wane ne ba ya barci sai da fitila. Mai mata fiye da ɗaya kuwa ya san abin da adalci ya ɗora masa, ba sai mun faɗa ba. A ƙidaya masu tafiya, a ƙidaya kwanaki, sa'an nan a ɗauki takarda da alƙalami.

Ba za mu rubuta farashi a nan ba, gama tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ga dai yadda ake lissafin. Daga Kontagora zuwa Jos ta Minna da Abuja ya haura kilomita 600, zuwa da dawowa a ce 1,300. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha lita 130, in an ƙara zirga-zirgar cikin gari a ce 150. A ninka wannan da kuɗin lita na ranar. Wanda zai shiga motar haya ya je tasha da kansa ya tambayi kuɗin kowane zango, ya kuma biya wa yara manya kujerarsu, domin ɗora ɗan shekara 8 a cinya tafiyar yini guda azaba ce ga uwa da ɗa. Bayan mota sai masauki, da abinci, da kuɗin shiga wuraren kallo, da tsaraba. In an tara jimla, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a ware shi daban saboda taya da ta fashe ko yaron da ya kwana da zazzaɓi.

Wata 5 ko 6 kafin tafiya ya kamata a fara tari, ko ta adashi ko ta asusu. Kada a ci bashi don hutu, kada kuma a taɓa kuɗin makaranta ko na taki. In lissafi ya ƙi fita bana, baɗi tana nan. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan a hannu a bar sauran a banki, amma kada a dogara ga waya kaɗai, don akwai wurare a hanya da ba a samun layi.

Hanya

Daga Kontagora za a nufi gabas zuwa Tegina. A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta Birnin Gwari zuwa Kaduna, daga can ta Saminaka zuwa Jos. Ɗayar ta yi kudu ta Zungeru zuwa Minna, sa'an nan Suleja, Abuja, Keffi, Akwanga, a hau tudu. Ta biyun muke ba mai iyali shawara ya bi. Hanyar Birnin Gwari ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, kuma ba a manta da ɗaliban da aka sace a Kagara da Tegina a 2021 ba. Halin hanyoyin nan yana sauyawa daga wata zuwa wata, saboda haka kwana biyu kafin tashi a tambayi direbobin tasha da suka biyo hanyar, a saurari rediyo, a sake tambaya da safiyar tafiya. In aka ce hanya ba lafiya, a fasa. Ba a fita kafin gari ya waye sarai, ba a kuma bari magariba ta riski iyali a daji.

Wannan ne ya sa tilas a raba tafiyar biyu. Direban haya yana iya cewa zai kai ku a yini guda, amma ramukan hanya da shingayen bincike da cunkoson Mararraba bayan Abuja sukan cinye sa'o'i. A kwana a Suleja ko Abuja ko Keffi, kashegari a ƙarasa da rana tsaka. Ke nan kwana 4 na hanya ne zuwa da dawowa. Wanda ba zai iya ba da kwana 7 ko 8 ba, gara ya nemi wuri kusa.

Hanyar kanta makaranta ce in uba ya buɗe baki. A Zungeru za a haye Kogin Kaduna, sai a gaya wa yara cewa ruwan nan daga tudun da za su ya taso, kusa da Vom, kuma garin ya zama hedkwatar mulkin Arewa a 1902 kafin a koma Kaduna. Tsakanin Minna da Suleja akwai 'yar ratse zuwa magangarar ruwa ta Gurara, gaba kaɗan da Suleja kuma ga Dutsen Zuma a gefen titi.

Kafin tashi a kai mota wurin makanike ya duba birki da tayoyi da lagireto da fitilu, a tabbata akwai safaya da jak, takardun mota da lasin ba su ƙare ba. Dalilin nanata birki da lagireto shi ne Hawan Kibo. Bayan an wuce Akwanga da tazara, hanya takan miƙe ta hau gefen tudu tana lanƙwasa, manyan motoci suna tafiyar hawainiya suna hayaƙi. Motar da ruwanta bai cika ba a nan take tafasa. Kada a yi gaggawar wuce tirela a kan kwana, kada kuma a maƙale mata a baya, domin in ta kasa hawa baya take dawowa. Yara za su ce kunnuwansu sun toshe. Nauyin iska ne ya sauya, a ba su ruwa su haɗiya ko su yi hamma, zai buɗe. Yara ƙanana a kujerar baya suke zama, kowa ya ɗaura bel. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. A rubuta su a takarda a ba uwargida, tare da lambar wani ɗan'uwa a gida wanda ya san inda za a kwana kowace rana.

Zaman lafiyar garin

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, Jos ta sha tarzoma. An yi a Satumba 2001, an yi a Nuwamba 2008, an kuma yi a Janairu 2010, rayuka masu yawa suka salwanta daga kowane ɓangare. A Agusta 2021 an kashe matafiya a hanyar Rukuba, a Disamba 2023 kuma aka kai hare-hare ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Sakamakon haka unguwanni da dama sun rabu bisa addini. Duk da haka gari ne babba, mai jami'a da kasuwanni da asibitoci, Musulmi da Kirista suna ciniki tare kullum, baƙi suna shiga suna fita.

Abin da ya wajaba ga baƙo shi ne ya sami ɗan gari tun kafin ya taso, ko ɗan'uwa ko abokin aiki ko tsohon abokin makaranta. Shi zai gaya masa halin da ake ciki, da unguwar da ta dace ya sauka, da inda ba a shiga da dare. A guji zuwa lokacin zaɓe. A guji gardamar addini ko ta siyasa a tasha ko a teburin mai shayi. In an kafa dokar hana fita a bi ta. Wuraren kallo na bayan gari kuwa, ba a zuwa sai da ɗan rakiya kuma da rana.

Masauki da sanyi

A kama masauki tun daga gida ta hannun ɗan garin nan, ya je ya gani da idonsa. Abin tambaya shi ne ruwa, da wuta, da ruwan zafi na wanka, da bargo, da wurin ajiye mota. In za a sauka gidan dangi, a sanar da su da wuri, a kuma riƙo abin hannu, buhun masara ko na shinkafa daga gida ba zai yi musu nauyi ba.

Sanyin da aka zo nema shi ne kuma abin tsoro. Kowane yaro a tanadar masa rigar sanyi da safa da hula, jariri da tsoho a ninka musu. A riƙe man shafawa saboda faso da tsagewar leɓe. Mai ciwon asma ya ga likita kafin tafiya, ya riƙe maganinsa a aljihu, ba a ƙasan akwati ba. Abu guda muke roƙon kowa ya kiyaye: kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, kada kuma a kunna janareta a cikin gida ko a bakin taga. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan kashe mutanen ɗaki gaba ɗaya suna barci. Wasu kuma suna zaton babu sauro a kan tudu. Akwai shi, akwai zazzaɓinsa, a tafi da gidan sauro.

Abin da za a gani

Ranar farko a huta. Rana ta biyu a fara da Gidan Adana Kayan Tarihi, wanda aka buɗe a 1952 ta ƙoƙarin Bernard Fagg. A nan ake ganin kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Shekarunsu sun haura 2,000. Ya kamata uba ya tsaya a nan ya yi wa 'ya'yansa bayani a tsanake, domin yaron da ya ga kitso da kwalliyar da aka zana a kan yumɓun nan ba zai yarda wani ya ce masa tarihin ƙasarsa da zuwan Turawa ya fara ba. A harabar kuma akwai sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ginin ƙasa ne, ruwan Jos kuwa ba ya raga masa, wasu sassa sun zaizaye, amma abin da ya saura ya isa kallo. Gidan zu yana nan daura da shi.

Akwai kuma Gandun Namun Daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mai faɗin murabba'in kilomita 8, wuri mai kyau na shimfiɗa tabarma a ci abincin rana. Duwatsun Shere a gabashin gari sun kai mita 1,829, hawansu na samari ne, ba na mai goyo ba. Duwatsun Riyom masu ɗore bisa juna, da magangarar ruwa ta Assop a gindin Hawan Kibo, duk a kan hanyar Akwanga suke, ana iya tsayawa ranar komowa in ɗan gari ya ce babu komai.

Ko'ina a kewayen Jos da Bukuru za a ga tafkuna masu ruwa kwance, kore ko shuɗi, gwanin sha'awa. Ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, zurfinsu ba a gani, ruwan kuma da sanyi ƙwarai. Yaron da ya iya iyo a rafin garinsu kada a bar shi ya gwada a nan. Sun ci mutane da yawa.

Komowa

Jajiberen tafiya uwargida za ta so zuwa kasuwar Farin Gada, inda ake sauke dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir na gonakin tudu. A sayi acca ma, a kuma ɗanɗana gwate kafin a bar garin. Dankali da karas suna jure kwana biyu a mota in an sa su a buhun da iska ke shiga, latas kuwa kafin Minna ya yi yaushi. Kada a cika but har mota ta zauna, gama gangaren Hawan Kibo ya fi hawansa haɗari. A sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota, domin birkin da aka taka tun daga sama har ƙasa yakan yi zafi ya ƙi kamawa. Da an wuce Akwanga zafi zai dawo, a cire wa yara rigunan sanyi a yawaita ba su ruwa. A shirya isa Kontagora kwana 2 kafin ranar komawa aiki da makaranta.